Ranar da Inna ta kai ni gaban alƙali

Shekara goma sha huɗu na yi a Kumasi ina fataucin goro. Lokacin da na bar Kore Mairuwa Faransawa ne ke mulki, kuma babu wanda ya tambaye ni takarda a hanya. A can wani abokin ciniki ya taimaka mini na sami fasfo na Gana, don in riƙa shiga Abijan ba tare da wahala ba. Ban ɗauke shi komai ba, kayan aiki ne kawai kamar buhu da igiya.

Da na dawo gida, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, aka yi murna sosai. Inna ta yanka zabi biyu, ƙannena suka cika gidan. Kwana uku da zuwana wani tsohon soja da ke zama a kasuwa ya kira ni gefe. Ya ce ya ji ina da fasfon wata ƙasa, kuma duk wanda ya karɓi takardar wasu to ya zubar da tasa, yanzu ni baƙo ne a Nijar, ko gonar Baba ba zan gada ba.

Na yi mako guda ba na jin daɗin tuwo. Inna ta lura, ta matsa mini har na faɗa mata. Dariya ta yi, sannan ta ce in nemo raƙumi ko mota, gobe za mu Dogon Dutsi wurin alƙali.

Muka shiga motar kasuwa tare da yayan Baba, wanda zai zama shaida na biyu bayan Inna. Inna ba ta taɓa shiga biro, wato ofishin hukuma, ba, amma ita ce ta wuce gaba. Alƙalin saurayi ne, ba ɗan yankinmu na Arewa ba, yana da tafinta a gefensa. Na miƙa masa fasfon. Ya juya shi, ya tambayi inda aka haife ni da sunan ubana. Kafin in buɗe baki Inna ta karɓe zancen. Ta faɗi ɗakin da ta haife ni, da ungozomar, da wanzamin da ya yi mini tsage, har da akuyar da aka yanka ran suna. Tafinta ya gaji, ya roƙe ta ta dakata ya numfasa.

Alƙali ya ce, "Inna, kin tabbata ɗanki ne?"

Ta ce, "Ɗan nan, dubi kumatunsa ka dubi nawa. A Kumasi ake yin wannan?"

Duk biron ya fashe da dariya. Alƙalin ya ce fasfon ma ya daɗe da mutuwa, ya ja mini kunne kada in sabunta shi ba tare da na zo na yi tambaya ba, don akwai hanyar da mutum kan rasa ƙasarsa da gaske. Aka rubuta mini takardar haihuwa, aka ƙiyasta shekaruna. Inna ta dangwala yatsa, ta ce sun rage mini biyu, amma ta yafe.

Kafin mota ta tashi na saya mata tsire a bakin tasha. Ta ci tsinke uku, ta ƙulle sauran a gefen zane don jikokinta. A hanya ta tambaye ni ko cikin shekarun nan na manta yadda ake riƙe hauya, don damina ta kusa kuma gonar Baba ta arewa da gari tana buƙatar sassabe.