Ƙuri'ar da na ce ta lalace

Ranar Talatar da ta wuce Malam Sabo Tela ya cika shekara bakwai a ƙasa. Mafi yawan masu karatu ba su san shi ba, don ko kansila bai taɓa riƙewa ba. Tela ne mai shago ɗaya da keken ɗinki biyu a wani lungu na Gyaɗi-Gyaɗi, kuma abokina ne tun muna samari. Siyasa ce kaɗai ta raba mu. Shi yana waccan jam'iyya, ni ina wannan, kuma zaɓe uku a jere mu biyu ne wakilan jam'iyyunmu a rumfa ɗaya, a gindin darbejiyar wata firamare da ke tsakanin unguwarsu da tamu ta Tarauni.

Kowa ya san yadda jihar nan take. Gida ɗaya sai ka tarar da uba a nan, ɗa a can, uwar gida kuma ta ƙi faɗa wa kowa inda ta sa gaba. Rumfarmu ma haka take, duk wanda ya ci ta da kyar yake ci. Ni malamin makaranta ne mai saurin hawa, in ana musu ni ake fara jin muryata. Sabo kuwa sai ya gama zare allura daga bakinsa kafin ya ba ka amsa, amsar ma rabi. Nakan je shagonsa da yamma in yi ta zagin jam'iyyarsu, yana taka keke yana dariya, in na gaji ya aika a sayo mini rake, wai don in jiƙa maƙogwaro in ci gaba.

Akwai wata al'ada tasa da mutanen unguwa suka san shi da ita. In zaɓe ya rage sati biyu, sai ya ɗauko almakashi ya yanka tsofaffin takardu daidai tsawon takardar ƙuri'a, ya ja musu layuka, ya ajiye kwalin tawada a kan teburin guga. Duk wanda ya shigo, ko tsohuwa ta kawo gyaran zani, ko ɗan adaidaita ya zo karɓar wando, sai ya dangwala kafin ya fita. Ba ya gaya maka wa za ka zaɓa. Ninki yake koyarwa. Ya lura cewa mutanenmu, musamman waɗanda suka taso daga ƙauye, da sun dangwala sai su ninke takardar sama ta haɗu da ƙasa, kamar yadda ake ninke wasiƙa, tawada kuwa ba ta bushe ba, sai ta bar inuwarta a gidan wata jam'iyyar. Wajen ƙirga a ce mutum ya zaɓi biyu, a jefar. Shi ya sa yake cewa a hura mata iska tukuna, sannan a ninke ta bisa tsawonta. 'Yan jam'iyyarsu sun sha yi masa ƙorafi cewa yana gyara wa abokan hamayya ƙuri'a, yakan ce shi bai iya gane jam'iyyar mutum a babban yatsansa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a zaɓen ƙarshe da muka yi wakilci tare. Bayan la'asar aka zazzage akwati a kan tebur. Jami'ar rumfar, Malama Rifkatu, malamar makaranta ce 'yar Kudancin Kaduna da ke zaune a Unguwa Uku, mace mai haƙuri da tsoron yin kuskure. Tana ɗaga ƙuri'a ɗaya-ɗaya, jama'a na ƙirgawa da baki. Ana cikin haka ta ɗago wata, yatsa ya zauna daram a gidan su Sabo, ga kuma wata 'yar inuwa a gidanmu. Kallo ɗaya na yi mata na san ninki ne. Amma na miƙe na ce ta lalace, na yi ta ɗaga murya, magoya bayanmu suka ɗauka, har Malama Rifkatu ta ajiye ta cikin lalatattu. Sabo ya dube ni.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Saura ƙuri'u kaɗan a gama, ƙirga ta zo kai da kai, sai ga 'yar'uwar waccan ta fito, yatsa daram a gidanmu, inuwa a gidansu. Mutanen Sabo suka taso da ihu, kuma da gaskiyarsu, don ni na kafa hukuncin da hannuna. Sabo ya nemi izini ya karɓi takardar, ya bi sawun ninkin ya mayar da ita yadda mai ita ya ninke, ya nuna wa kowa yadda inuwar ta hau kan yatsan daidai wa daida.

"Mai wannan ƙuri'a ya san abin da yake so," in ji shi. "Tasu ce, Malama, a ƙirga musu. In an yarda, a dawo da ta ɗazu ma a duba."

Malama Rifkatu ta juyo gare ni, don sai wakilai sun amince za ta sake taɓa abin da aka riga aka ajiye. Na ce abin da aka yanke an yanke, ba a tayar da matacce. Da ƙuri'a ɗaya muka ci rumfar. Aka ɗaga ni sama, Sabo ya sa hannu a takardar sakamako ya tura kekensa na hawa ya tafi masallaci.

Abin ya tsaya masa da tsada. Jam'iyyarsu ta cire shi daga wakilci, matasa suka riƙa cewa mun saye shi, ɗinkin riguna da tutoci da ake kawo masa duk kakar zaɓe aka kai wani shagon. Ni kuwa bai taɓa tayar mini da maganar ba. Shi ya ɗinka kayan auren 'yata ta fari, ya kwana biyu yana yi mini tsiya a kan na yi tumbi. Sau da yawa na fito daga gida da niyyar in ce masa, Sabo, ka yafe mini, na san ninki ne. In na isa shagon sai in tarar da mutane, ko in ga yana cikin raha, in ce bari sai gobe. Har ciwo ya kwantar da shi ban faɗa ba, a asibiti ma da na je dubiya hirar farashin shadda muka yi. Da-na-sani ƙeya ce.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga zaɓen yau. Na san na'urar da ke tantance yatsa da fuska za ta burge shi, don mutum ne mai son inji, kuma zai ji daɗin yadda ake ɗaukar hoton takardar sakamako tun a rumfa. Amma ban san yadda zai ji ba in ya ga an gama zaɓe an ce bai kammala ba, saboda tazarar da ke tsakani ba ta kai ƙuri'un da aka soke ba, ko ya ga lauyoyi na jayayya wata da watanni a kan wace takarda ke da hatimi, wace ce ba ta da sa hannu. Dokokin nan suna da amfani, ban musa ba. Abin da na lura kawai shi ne, a jiha irin tamu da tazara ba ta da yawa, kowane ɓangare yana son doka ne ranar da za ta soke ƙuri'ar abokin hamayya, ranar da ta juyo kansa kuma sai ya ce zalunci ne. Ba ni da bakin zagin kowa a kan wannan, don na riga su yi a gindin darbejiya. Abin da zai fi ba shi takaici, a ganina, shi ne 'ya'yan da muka haifa, nawa da nasa, suna zagin juna a waya saboda mutanen da ba su ma san sunayensu ba.

Bayan matarsa Hajiya Kande ta fita takaba, ta aiko a kira ni. Na je na zauna a soro, ta turo mini wani gwangwanin biskit daga bayan labule. A ciki akwai kwalin tawadar nan ya bushe, da damin takardun da ya yanka bai samu ya raba ba.

"Malam, ya ce in ba ka," ta ce. "Ya ce idonka ya fi nasa, don ran nan kai ka riga shi gane ninki ne. Ya ce kai za ka fi iya koya wa mutane."

Ashe duk shekarun nan ya sani. Yana sane yake saya mini rake, yana sane ya auna ni ya ɗinka mini babbar rigar da na sa ranar ɗaurin auren 'yata. Na daɗe zaune a soron nan, kuma ba na jin kunyar cewa na yi kuka.

Shagon yanzu wani yaro ne ke sayar da kayan waya a ciki, kekunan ɗinkin an sayar da su. Sabo bai bar gida na biyu ba, bai bar suna a allon kowace jam'iyya ba. Ni na bar wakilci tun daga shekarar da ya rasu. Duk kakar zaɓe nakan roƙi mai shagon ya ara mini benci, in sayi sabuwar tawada, in zauna a ƙofa da takarduna. Har yanzu akwai tsofaffin matan da in na miƙa musu takarda sai su hura mata iska su ninke bisa tsawo tun kafin in buɗe baki, su ce ai Malam Sabo ya koya musu. Wasunsu jam'iyyata suke yi, wasu tasa, ban taɓa tambaya ba.

Takardar sakamakon waccan rana tana can wani ofis, in ma tana nan, da sa hannuna da nasa, kuma babu kotun da za ta sake buɗe ta. Shi ya sa na zo nan in gyara da bakina, gaban waɗanda suka ɗaga ni sama da waɗanda suka ce an saye shi. Ba wanda ya sayi Sabo. Ƙuri'ar farko tasu ce, na sani tun tana hannun Malama Rifkatu. Allah ya jiƙanka, Sabo, ya sa ka huta. Ba mu ci rumfar nan ba, canjaras muka yi.