Aikin Malam Haruna, Sunan Wani a Kai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaye gaban tabulo yau da safe, alli a hannuna, ƙanwata ta kira ni daga Matameye ta ce Malam Haruna ya rasu.

Ban iya ƙarasa darasin ba. Na sallami aji.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne malamin lissafinmu a lise, wato babbar sakandare. Shekarar da na faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, kowa ya zo jaje, shi kuwa ya zo gidanmu da tambayoyin da ya warware da hannunsa, ya ajiye mini, ya ce, "Zainabu, ran Litinin ina jiran ki." Ko zama bai yi ba. Yau ni ma lissafi nake koyarwa a Yauri, kuma shi ne sanadi.

Malam yana da wani aiki nasa da ya yi shekaru yana yi in an tashi daga makaranta. Da na tambaye shi, ya zana mini da'ira a ƙasa. Ya ce, "In kin san yadda aka ɗaure fatar ganga a baki, lissafi zai gaya miki yadda ta kwanta a tsakiya. To in bakin yana da kaushi fa, wane irin santsi tsakiyar za ta yi?" An saba auna wannan santsin da lamba ɗaya. Shi ya ce lamba ta yi kauri, akwai santsin da ke suɓucewa tsakanin lambobi, sai da ma'auni mai sauyawa a hankali ake kama shi. Kaye huɗu, littattafan rubutu irin na ƴan makaranta, ya cika da fensir. Babu sunansa ko a ɗaya, bisimilla kawai yake sawa a sama.

Ni ce na yi wautar.

Akwai wani ɗan ajinmu, ba zan kama suna ba yau, da ya tafi karatu waje har ya zama dakta a lissafi. Na ce Malam, a ba shi ya buga a inji, ya kai inda masana za su gani. Malam yana ja da baya, ni ina matsawa. Da wayata na ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya na tura wa dakta, na ce ya riƙe amana. Ya ce, "Haba Zainabu, ai Malam ubana ne."

Aikin ya fito a wata mujallar lissafi. Suna ɗaya ne a kai, kuma ba na Malam ba. Ko a wurin godiya babu shi. Na yi ta kiran dakta har ya daina ɗauka.

Wata biyar ina ɓoye wa Malam. In ya tambaya, in ce shiru har yanzu.

Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi. Yana zaune a tabarma a ƙofar gida, ya rame sosai. Kafin in yi ƙaryar da na saba, ya ɗaga hannu.

"Bari, na gani. Tun da damina wani ya kawo mini."

Na rasa inda zan sa kaina. Shi kuwa dariya ya yi har da tari. "Bawan Allahn nan ko karantawa bai yi ba. Ya kwashe har da kuskurena. Akwai sharaɗin da na manta a bakin iyaka, in babu shi hujjar ba ta tsayawa."

Ya miƙo mini takarda biyu, gyaran ke nan. "Ki aika masa. Kar wani ɗalibi ya ɗora karatunsa a kan abin da ba daidai ba."

Na ce Malam, sunanka fa?

Ya ce, "Ɗana ne. Da wane baki zan tambaye shi?"

Wallahi ni ba ni da irin wannan zuciyar. Ɗazu na ga dakta ya sa hoton Malam a shafinsa na intanet, ya rubuta wai ya yi rashin uba, mutane suna ta yi masa ta'aziyya. Shi ake yi wa ta'aziyya, jama'a! An ci amanar Malam, kuma ta hannuna aka bi. Wannan ne abin da ke cina.

Malam, ka yafe mini, karon farko zan saɓa maka. Gyaran zai tafi, amma ba wurinsa ba. Masu mujallar zan aika wa, tare da hoton kowane shafi na rubutunka. Ban sani ba ko za su saurari malamar ƙauye. Sai dai a saman takardar na riga na rubuta abin da kai ka ƙi rubutawa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa abin da ka koya mana ya zame maka sadaka mai gudana. Allah ya ba iyalinka haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Kuma kar ku ce "wani malami". Ku kira sunansa, Malam Haruna.