Sunana a Kan Akwatin Bulus

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da na rubuta sunana a kan akwatin Bulus ba, kuma ba na jin zan manta. Kun sha yi mini tsiya cewa Malam Habu ya fi hawainiya nawa wajen duba aiki, har wasunku sun fi so su jira wani ya zo da su kawo mini. To yau ku gyara zama ku ji dalili. Ina gaya muku tun yanzu, babu bajinta a cikin labarin.

A lokacin ni ne foman na sashen lantarki a wani kamfanin jima da ke Challawa, inda ake sarrafa fatu. Ga wanda bai san tsarin ba, daga ƙasa akwai lebura, sai mai kula da inji, sai mataimakin ma'aikacin lantarki, sai ma'aikacin lantarki, sai foman, a samanmu duka kuma Injiniya. Na hau wannan tsani taki-taki da takardar gwajin sana'a a hannuna, kuma ban taɓa bari kowa ya manta da hakan ba.

Ranar Asabar kuwa ina nan Zaure, inda muke taruwa muna haɗa kayan lantarki. Sababbin zuwa ba su san yadda wurin nan yake da ba. Tsohon sito ne a Sharada wanda mai shi ya bar mana, rufinsa na yoyo ta kusurwa ɗaya, tebura huɗu kacal. Malama Rabi, wadda ke koyar da lantarki a wata makarantar fasaha, ita ke riƙe da makulli tun lokacin. Masu zuwa iri-iri ne: mai gyaran rediyo, tela mai son kekensa ya riƙa aiki da batir, direban adaidaita sahu mai neman haɗa wurin cajin waya a mashin ɗinsa, da 'yan kamfani irina. Durowar nan da kuke kira maƙabarta tana nan, ana zuba mata matattun na'urori kowa ya tona ya ciri abin da zai yi masa amfani. Butar shayi ba ta hucewa, gardama ma haka.

Dokarmu ɗaya ce, ita ce ta ido na biyu. Ba wanda zai jona aikinsa da wutar bango da hannunsa sai wani ya duba masa. Mai dubawa ya bi waya ɗaya bayan ɗaya, in ya gamsu ya yanki farin tef ya rubuta sunansa ya liƙa a jikin aikin. Daga nan ba a sake taɓa komai a ciki. In abu ya ƙone da tef a jikinsa, kunyar ta mai tef ce, kuma zai huta da dubawa na wata uku. A shekarun da na yi ina dubawa ba a taɓa hutar da ni ba. Da wannan nake taƙama fiye da kujerar foman.

Bulus mutumin Kudancin Kaduna ne, magidanci mai 'ya'ya uku, yana zaune a Na'ibawa. A kamfaninmu yana kula da manyan gangunan da ake juya fatu a cikin sinadari. Duk wanda ya daɗe a wurin hannunsa zai nuna, shi kuwa nasa duk sun tsattsage, safar roba ba ta hana komai. Ni da kaina na kawo shi Zaure, don na gan shi wata rana a hutun cin abinci yana kwance wata tsohuwar rediyo da ƙusa. Ni na nuna masa yadda ake riƙe ƙarfen narka dalma. Ina jin daɗin yadda yake cewa “To, Malam” a kan duk abin da na faɗa.

Kafin shekara ta zagayo ɗigon dalmarsa ya fi nawa kyau. Da waɗannan hannuwa masu faso yake ajiye shi ƙarami, mai sheƙi, a jere kamar ɗinkin hula. Mutane suka fara wuce teburina su tsaya a nasa. Abin ya fara sukar raina tun daga nan, amma na ce wa kaina ai ɗalibina ne, yabonsa nawa ne.

Abin da ya ɓata lissafin shi ne injin famfo. Da damina wuta takan zo da rauni, ko ɗaya cikin layukan wuta uku da injin ke aiki da su ya ɗauke, injin ya ci gaba da gurnani har ya ƙone. Shekara biyu ina ƙoƙarin haɗa na'urar da za ta ji raunin wutar ta kashe injin da kanta. Tawa tana nan ajiye ba ta kammalu ba, 'yan Zaure har sun raɗa mata suna Sai Gobe, don kullum haka nake ce musu. Bulus bai tambaye ni ba, bai kuma taɓa tawa ba. Ya tona maƙabarta, ya zauna Asabar shida, ya haɗa tasa. Da batir ya gwada ta a gabanmu, ta yi aiki tsaf. Aka yi ta tafi, ni ma na tafa, tafin da ko sauro ba zai kashe ba.

Labari ya kai kunnen Injiniya. Ya kira ni ofis ya ce, “Malam Habu, akwai gurbin mataimaki ɗaya a sashenka. An ce mutumin nan na wajen ganguna yana da hannu. Asabar zan zo in gani da idona. In abin ya yi, zan sa hannu a kawo shi wurinka.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai ba shi da takarda.”

Ya ce, “Takarda ana nemanta daga baya. Kai ma ai shekara biyu kana kan irin wannan aikin ko?”

Da dariya ya faɗa, amma da ita na kwana, da ita na tashi. Ga Bulus wannan gurbi shi ne fita daga cikin sinadari. Na san haka sarai. Abin da nake gani kawai shi ne zai shigo sashena da abin da ya gagare ni a hannunsa.

Ranar Asabar ya riga kowa zuwa. Don baƙon da za a yi, ya sake jera kayan a sabon allo mai tsabta, ya ƙara sashen da zai karɓi wutar bango, ya sa duka a akwatin ƙarfe da ya yi wa shuɗin fenti. Ya kawo mini da hannu biyu ya ce, “Malam, ku duba mini. Ba na son sunan kowa a jiki sai naku.”

Na ɗauki mitar gwajin wuta na fara bi. Komai daidai, har abin na ba ni haushi. Sai na zo kan babbar kafasita. Ga waɗanda ba na sana'a ba, wata 'yar gwangwani ce mai ƙafa biyu, kowace ƙafa da gurbinta, in aka juya su sai ta yi zafi ta kumbura ta fashe. Bulus ya juya ta. Gaggawa ce ta jawo, kuskure ne da kowa a ɗakin nan ya taɓa yi, kuma gyaransa bai kai shan kofin shayi ba. Da batir ba za a gane ba, don wannan sashen sai an jona da bango yake samun wuta.

Yatsana ya tsaya a kanta. Abin da ya kamata in ce kalma uku ce. Sai na ji wani daɗi ya ratsa ni, irin wanda na daɗe ban ji ba. Na ce a raina akwatin a rufe zai kasance, ba wanda zai ji rauni, ƙara ce kawai da hayaƙi, ko ya gane cewa sana'a ba wasa ba ce. Na ɗage yatsana na wuce. Na yanki tef na rubuta Habu na liƙa. Hassada ta rufe mini ido har na manta da wanda doka za ta kama in abin ya fashe, alhali ni na fi kowa haddace ta.

Injiniya ya iso da hantsi. Aka ba shi kujera da shayi, aka kawo ƙaramin injin famfo da bokitin ruwa. Malama Rabi ta duba tef ta ga sunana ta ce a kunna. Injin ya tashi, ruwa ya fara zuba, Bulus na ta bayani da murya ƙasa-ƙasa. Bai kai ga nuna yadda take kashe injin ba sai muka ji fas a cikin akwatin. Farin hayaƙi ya fito ta ramukan gefe da wani wari mai hawa kai. Aka zare waya daga bango.

Malama Rabi ta buɗe akwatin, ta kalli abin da ya rage na kafasitar, ta kalli tef ɗin, sannan ta ɗago ta kalle ni. A nan na tuna da dokar. Ta buɗe baki ke nan sai Bulus ya riga ta.

Ya ce, “Malama, kada a taɓa sunan Malam Habu. Bayan sun duba na ga kafasitar ta tsufa, na koma na canza ta. Laifina ne.”

Bai canza komai ba. Tun da na liƙa tef akwatin ke kan teburina, gwiwar hannuna a kansa.

Injiniya ya ajiye kofinsa ya ce, “Juya ƙafar kafasita ba komai ba ne, ni ma na yi. Da wannan ne kaɗai da na ce a gyara a sake gwadawa. Amma mutumin da zai koma ya taɓa aiki bayan an duba, ba zan tsayar da shi gaban babban allon wutar kamfani ba. Can ba kafasita ce za ta fashe ba.” Ya juyo wurina ya ce, “Ko kana da magana, Malam Habu?”

Allah ya sake ba ni dama, na sake watsar da ita. Na ce, “Babu, ranka ya daɗe.” Bulus ya naɗe wayarsa ya sa akwatin a buhu, ya yi wa kowa sallama kamar kullum.

Kwana tara na yi ina kai da kawo da abin a raina. In na doshi bakin ganguna sai in zagaya ta bayan sito don kada mu haɗu da Bulus. Rana ta goma na shiga ofishin Injiniya na gaya masa komai, ban rage ba. Ya kalle ni ya ce, “Da ka faɗa ranar, da wani zancen ake yi. Takardar ta wuce sama, an ba wani daga sashen rini gurbin, ya ma fara aiki. Bakin alƙalami ya bushe.” Bai hukunta ni ba, bai kuma sake kirana shawara ba har na bar kamfanin. Asabar ɗin da ta biyo na faɗa wa Malama Rabi, ta karɓe tef ɗina na wata uku.

Wurin Bulus ne ya fi wuya. Na same shi a bakin ganga yana zare safa. Na fara kame-kame, ya tare ni.

Ya ce, “Na sani, Malam. Da ta fashe sai na tuna inda yatsanku ya tsaya.”

Na ce, “To me ya sa ka rufa mini asiri?”

Ya ce, “Ni dai na ɗauka gurbin ya riga ya tafi da hayaƙin nan. Na ce me zai ƙara mini in sunanku ya bi shi? Ban san maganar tawa ce za ta kore shi ba.” Ya ɗan yi dariya. “Kuma ai ni na juya ƙafar. Ku shiru kawai kuka yi.”

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na nemi gafararsa ya ce ya wuce, ya mayar da safarsa, don an buɗe ganga ta gaba.

Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Na daina faɗin wannan karin magana, don na ga inda ta cinye shukar har saiwa, kuma hassadar tawa ce. A sana'armu muna koya wa sabon shiga tsoron waya tsirara da jiƙaƙƙen hannu, amma ba ma gaya masa cewa ido na biyu ba shi da amfani in zuciyar mai shi tana so aikin ya faɗi. Mita ba ta auna wannan. Saboda haka in aka kawo maka aikin ɗan'uwanka ka ji wani abu ya soke ka don ya yi kyau, ka miƙa tef ɗin ga wani, ba abin kunya ba ne.

Kada ku ɗauka na warke. Har yau in na ga ɗigon dalmarsa sai na ji sukar nan, sai dai yanzu na san sunanta. Gurbin bai sake buɗewa ba, Bulus yana nan a bakin ganguna. Kuma duk abin da ya haɗa, a cikin mutanen ɗakin nan duka, ni yake kawo wa da hannu biyu in duba masa.