Takardar da na kai wa Koci Sabo ba tawa ba ce

Koci Sabo ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe labarin ya same ni, ina ɗaura igiyar takalmi zan tafi wurinsa. Maƙwabcinsa ne ya kira. Wai bayan asuba ya zauna a ƙofar gida, ya ce kansa na juyawa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai ɗan gidan ɗaga ƙarfen nan na Tarauni. Ni ne ɗalibinsa mafi tsufa, shekarata sittin da bakwai. Bara na je masa daga Gyadi-Gyadi da gwiwoyin da suka daina jin maganata, har salla a kujera nake yi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, rakiya ka yi, ko kai ne da kanka?"

Da zama da tashi a kan benci ya fara da ni. In na gaji sai ya ja ni da hira, ya yi kamar ya manta ƙirga. Wata huɗu na mayar wa masallaci kujerarsa.

Daga baya na ga manyan ɗalibansa suna shan wani farin gari a ruwa, kiriyatin, wanda ke taimaka wa tsoka ta jure ɗaga nauyi. Robar tana cikin kabad ɗinsa a kulle, ba mai tafiya da ita gida. Yakan ce, "Na san mutanenmu. In an ce cokali ɗaya, sai ku ce uku sun fi albarka." Shi zai auna maka, ya tsaya a kanka har ka shanye ledar fiya wata guda biyu.

Na ce ni ma ina so. Ya ce duk wanda ya haura hamsin sai ya kawo takardar gwajin ƙoda, ba ya ba mai ciwon ƙoda.

To, a nan na yi abin da nake jin kunyar rubutawa. Ni da na yi zamanin mulkin soja ina faɗar abin da ke bakina, asibiti nake tsoro. Ba allurar ba, abin da za a ce an gani. Sai na ɗauki takardar ƙanena, na naɗe samanta daidai inda sunan mahaifinmu kaɗai ke fitowa, na miƙa masa. Ya karanta, ya ce ma sha Allah. Bai buɗe naɗin ba, don bai taɓa zaton mai furfura zai yi masa haka ba.

Wata takwas ke nan ina sha.

Shekaranjiya Alhamis ina cire safa, ya tsuguna ya danna idon sawuna da babban yatsa. Wurin ya lotsa, ya daɗe bai taso ba.

Ya ce, "Yaushe wannan kumburin ya fara?"

Na ce zafin gari ne.

Ya ce, "Baba, takardar can da ka kawo a naɗe, taka ce?"

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya kulle kabad ya ce, "Ba cokali sai ka kawo sabuwa ranar Litinin. In tsoro kake ji, ni zan raka ka."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ɗazu a maƙabarta na ji ana raɗa, wai farin garin nan da ake sha ne ya kashe shi. Ban sani ba, ni ba likita ba ne, kuma ba wanda ya faɗa mana dalili. Na dawo gida na danna ƙafata ya fi sau goma, har yanzu tana lotsawa. Ko garin ne, ko wani ciwon da na daɗe ina ɓoye wa kaina, ban sani ba.

Abin da na sani shi ne, in an sami wani abu a jikina, kada kowa ya ɗora wa Sabo. Ya tambaya, ni na yi ƙarya. Shi ya sa na rubuta wannan tun ina iya rubutawa.

Na faɗa wa matata Hajiya. Ta ce, "Malam, har takardar asibiti sai ka yi aro?" Ta ce ita za ta raka ni asibiti jibi, kuma ita za ta karɓi sakamakon da hannunta.

Allah Ya jiƙan Sabo, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya yafe mini abin da ban samu na roƙe shi gafararsa ba. Duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a. In ya rage, ku sa ni a ciki, wallahi tsoro nake ji.