Kawu Ilu Mai Nutso a Tudu

Ku da kuka san Kawu Ilu, kun san tabarau ɗin masu nutso ba ya barin goshinsa, ko a masallacin Juma'a. Daga Ikko ya zo da shi. Can ya yi cirani wajen wani Bature mai shiga teku da dare yana ɗaukar hoton kifaye masu haske kamar fitila. Kawu ya rantse sai ya ɗauki irin hoton nan a garinmu Matameye, kuma a shekarar fari, lokacin da ko jaki ba ya samun ruwan kurɓa.

Horo ya fara. Matarsa, Inna Hajara, ta dawo da tulu ɗaya tak bayan layin wuni guda, ta juyo ta tarar ya tsoma kai cikin ƙwaryar ruwan yana riƙe numfashi. Ta ɗaga muciya. Ya ɗago ya ce ai bai sha ba, aro ya yi.

Sannan jandarmomi suka tsince shi cikin dokar hana fita, kwance a busasshen tabki, da cocila da kamara naɗe a robar tayar keke. Kumandan ya tambaye shi abin da yake yi. Kawu ya ce, "Wuri nake kamawa, ranka ya daɗe, kafin ruwa ya zo a yi cunkoso." Suka rako shi gida, suka yi wa Inna jaje.

Da ya gaji da jira, sai ya koma tsohuwar rijiyar unguwarmu da ta ƙafe. Muna riƙe igiya, yana ƙasa yana haƙa, wai kifin kirki ba ya fitowa da rana. Ranar nan muka ga walƙiya daga ƙasa, muka ji yana ihu a jawo shi. Da ya wanke hoton, kwaɗo ne, ido zuru-zuru. Kawu ya kafe dabbar teku ce, ya rataye hoton a zaure.

Amma fa wandonsa a jiƙe ya fito daga rijiyar, ashe ya haƙo ruwa. Rijiyar nan ita ta shayar da unguwarmu har damina, ba wanda ya yi ƙaura. Ruwan bai taɓa wuce gwiwarsa ba, ya rasu bai yi nutso ko sau ɗaya ba. Wallahi ina kewarsa. Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi ruwan Alkausara kamar yadda ya shayar da mu.