Gidan Da Kawuna Ya Zaɓa Mana a Masaka

Ni haifaffen Argungu ne, ma'aikacin gwamnatin tarayya. Lokacin da wannan abu ya same ni ina zaune a Gwadangaji cikin Birnin Kebbi, tare da matata da 'ya'yanmu biyu da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Mutum ne ni da bai san wahalar hanya ba. In na makara na tare ɗan kabu-kabu mai babur, kafin in gama gaisawa da shi ya sauke ni a ƙofar ofis. Da rana ina dawowa gida in ci tuwon shinkafa, in duba ko Inna ta sha maganinta, domin ta daɗe tana fama da hawan jini, sannan in koma aiki. A tunanina haka rayuwa take a ko'ina. Kuma an tarbiyyantar da ni a kan cewa idan babba ya yi magana ba a tsayawa bincike. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka kai ni inda suka kai ni.

Da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Abuja, murna na yi, har da tunanin cewa Inna za ta samu manyan likitoci. Muna da wani maƙwabci mutumin Filato, Kirista ne, dattijo mai kirki, matarsa na sayar da kayan masarufi a bakin layinmu. Ya taɓa zama a Abuja kafin aiki ya kawo shi Kebbi. Da ya ji labari ya zo har zaure ya zaunar da ni. Ya ce in ji maganarsa da kyau, a garin nan ba gida ake fara dubawa ba, hanya ake dubawa. Ya ce tunda ina da tsohuwa mara lafiya, gara in matsu a ƙaramin wuri kusa da aiki da asibiti, da in samu fili a bayan gari. Har ya haɗa ni da wani ɗan cocinsu na da, wanda ya san wani gida da za a saki a Garki. Na je na gani. Ɗaki biyu ne a saman bene, falon kamar akurki, ba tsakar gida, shanya ma sai a baranda. Haya da tsada, amma in na daure zan iya. Daga tagar ɗakin ana hango rufin wani babban asibiti.

Kuskurena shi ne na biya wurin kawuna, ƙanen Inna uwa ɗaya uba ɗaya, don in gaishe shi in kuma sanar da shi. Ya daɗe a Abuja, yana da shagon sayar da shinkafa da albasa a wata kasuwa cikin gari, iyalinsa kuma suna Masaka, can gaba da Mararaba a jihar Nasarawa. Yana jin na ambaci Garki ya ɓata rai. Ya ce, "Kai yaro, mi kaka biɗa cikin gari? Can Masaka mutanenmu suke." Ya ce yayarsa zan ɗauka in kai saman bene in kulle, ba mai gaishe ta, ba mai jin harshenta? Ya ce akwai gida a bayan nasa, ɗakuna uku da tsakar gida da rijiya, ga masallaci a kusa, ga mutanen Zauro da Argungu ko'ina a unguwar. Na tambaye shi batun hanya, domin maganar maƙwabcina tana raina. Ya yi dariya ya ce in zo ranar Lahadi ya kai ni in gani da idona.

Ranar Lahadi ya ɗauke ni a motarsa daga cikin gari. Titi fetal, iska na shigowa, muna hira har muka wuce Nyanya muka wuce Mararaba ban ankara ba. Ya dube ni ya ce to ina nisan da ake ba ni tsoro da shi? Gidan kuwa ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Bai tsaya nan ba, a gabana ya kira Inna a waya ya kwatanta mata gidajen biyu yadda ya ga dama. Da na koma Birnin Kebbi na tarar an riga an gama magana. Inna ta ce, "Ni dai ban iya zama bisa kamar tsuntsuwa. Kai ni kusa ga ɗan'uwana." Matata ta so ta sa baki, na hana ta. Maƙwabcina da na faɗa masa ya yi mini fatan alheri, amma ya tambaye ni wace rana aka kai ni ganin gidan. Na ce Lahadi. Ya girgiza kai kawai.

Litinin ɗin farko na gane abin da ya girgiza wa kai. Na fito bayan sallar asuba cikin shigata mai kyau, na tarar da titi ya zama kasuwar motoci. Babu gaba babu baya. Manyan motoci, bas-bas, 'yan acaɓa na kutsawa ta ko'ina, hayaƙi na shiga ido, masu talla na yawo a tsakanin motoci hankali kwance domin sun san ba inda za mu. Na isa ofis rana ta take, rigata sharkaf da gumi, a ranar da ya kamata sabon shugabana ya fara ganina. Daga nan rayuwata ta koma ta hanya. Sallar asuba a gefen titi nake yin ta, magariba a cikin cunkoson motoci take riskata. 'Ya'yana suna barci nake fita, suna barci nake dawowa. Maganin Inna da nake tsayawa a kansa da kaina ya koma hannun matata, ga yara, ga ɗiban ruwa. Ranakun ganin likita kuwa mun sha rasa su, domin kafin mu isa an rufe karɓar kati, ita kuma zaman mota yana kumbura mata ƙafafu, har ta fara cewa a ƙyale ta.

A duk wannan lokaci ban cika ganin Kawu a unguwar ba sai ƙarshen mako, ban kuma kawo komai a raina ba, tunda ni ma ba a ganina. Abin da na sani shi ne wayarsa ba ta yankewa. Ya ce cunkoso ya riƙe shi, in leƙa gidansa injin wuta ya ƙi tashi. Ya ce yaronsa na zazzaɓi, in kai shi kemis kafin ya iso. Ya ce an yi rigima da maƙwabta a kan magudanar ruwa, in je in tsaya a madadinsa. Ina dawowa a gajiye kamar an yi mini duka, in ajiye jaka in nufi gidansa, ina ganin zumunci nake yi.

Ranar da abin ya faru Talata ce, cikin damina, an kwana ana ruwa. Na riga na wuce Mararaba, muna tsaye cik, sai ga wayar matata tana kuka. Ta ce Inna ta faɗi a bakin rijiya, bakinta ya karkace, tana magana ba a ganewa. Na ce ta ruga gidan Kawu ya fito da mota, ni ma ga ni nan. Na diro daga bas na tsallaka ɗaya hannun na hau acaɓa. Ina isa na tarar da Inna kwance a kan tabarma, maƙwabta sun kewaye ta, babu Kawu babu motarsa. Wani direban tasi da ke layinmu, wanda ko sunansa ban sani ba a lokacin, shi ya fito da motarsa. Muka kai ta wani ƙaramin asibiti a unguwar. Suka auna jininta suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, shanyewar ɓarin jiki ce, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, mu hanzarta zuwa babban asibiti a cikin gari.

Mu hanzarta. Har yau ban manta kalmar nan ba. Muka koma muka shiga layin motocin nan daga wutsiyarsa. Kan Inna yana bisa cinyata, idonta a buɗe tana kallona, hannunta na dama ya saki kamar tsumma. Direban ya kunna fitilu, ya danna ham, ya leƙa ta taga yana roƙon mutane. Wasu sun so su ba mu hanya, amma ina za su matsa? Ruwa ya cinye gefen titi, wata tirela ta mutu a gaba. Na fita cikin ruwan sama ina buga gilasan motocin mutane ina cewa uwata ce, uwata ce, kamar mahaukaci. Na yi tunanin in goya ta a acaɓa, amma ba ta iya zama. Haka muka riƙa jan jiki. Lokacin da muka shiga ƙofar asibitin an kusa kiran azahar, kuma asibitin nan shi ne wanda na hango rufinsa daga tagar gidan da na ƙi. Likitar da ta duba ta ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambayi lokacin da ta faɗi, na faɗa mata, sannan ta ce irin wannan ciwo da wuri ake son a kawo shi, amma za su yi iya ƙoƙarinsu.

A barandar asibitin ne matata ta gaya mini abin da ya faru da ta je gidan Kawu. Ta ce ta buga ƙofa tana kiran a taso shi, sai matarsa cikin ruɗewa ta ce, "Ai shi bai kwana nan sai ran Juma'a." Ashe shekara da shekaru yana da ɗaki a bayan shagonsa a cikin gari. Litinin da asuba yake tafiya, sai Juma'a da yamma ya dawo, saboda shi kansa ba ya iya bin hanyar nan kullum. Kuma ya gargaɗi iyalinsa kada su faɗa mana. Duk wayar da yake bugo mini yana cewa cunkoso ya riƙe shi, yana kwance ne a ɗakinsa. Abin da yake nema shi ne namiji na jininsa da zai zauna kusa da gidansa ya riƙa kula masa da iyali. Ya samu, kuma bai damu da cewa yayarsa mai hawan jini ce a cikin cinikin ba.

Da la'asar ya iso asibitin, da ledar lemo da ayaba a hannu. Ya yi salati, ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya ce abin da Allah ya hukunta ba makawa. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba a rayuwata, amma ran nan na ce, "Kawu, ka san hanyar nan. Ka sani, shi ya sa ka kai ni ranar Lahadi." Ya ce yanzu shi zan tuhuma a gaban mutane, shi da ya nema mini gida mai rahusa? Na ce na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ita ta hana shi faɗa mini inda yake kwana ba. Ya ajiye ledar ya fita. Kafin dare ya kira dangi a Argungu ya ce na zage shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka yi ta kirana ana cewa in je in ba shi haƙuri, babba ne. Ba wanda ya kira shi ya tambaye shi dalilin da ya yi mana haka. Ko mutum ɗaya.

Inna ta rayu, alhamdulillahi, amma ɓarin damanta bai dawo ba, maganarta kuma sai wanda ya saba da ita yake ganewa. Da aka sallame ta na mayar da ita Argungu wurin ƙanwata, na mayar da matata da yara Birnin Kebbi, ni kuma na kama ɗaki ɗaya kusa da ofis ina neman a dawo da ni gida. Mutumin da ya fara zuwa duba Inna da muka iso Argungu shi ne maƙwabcina na Filato, shi da matarsa, kuma bai ce mini ai ya faɗa mini ba.

Na rubuto wannan ne saboda na san akwai masu shirin barin garuruwanmu zuwa Abuja ko Legas ko wani babban birni, su ma za a kai su ganin gida. Kada faɗin tsakar gida ya ruɗe ku. Ku je unguwar ku kwana, ku fito ranar aiki a lokacin da kowa ke fita, ku bi hanyar da ƙafarku har inda za ku riƙa zuwa. In kuna da tsoho ko mai ciki ko yaro mai ciwo, ku fara tambayar yadda za ku kai shi asibiti da safe cikin ruwan sama, kafin ku tambayi yawan ɗakuna. Kuma duk wanda ya dage sai kun zauna kusa da shi, ko ɗan'uwanku ne na jini, ku tambayi kanku me zai samu in kun zauna. Girmama babba wajibi ne, amma bincike ba rashin kunya ba ne. Ni na ɗauka rashin kunya ne, kuma ba ni na biya ba, uwata ce ta biya.

Kawu yana zuwa Argungu da salla. Yakan shiga ya gaishe ta, ita kuma ta ɗaga hannunta na hagu ta yi mini alama in kawo masa ruwa, domin har yau ba mu gaya mata gaskiyar abin ba. Ina kawowa, in durƙusa in ajiye a gabansa saboda ita. Malamai sun yi mini nasiha in yafe, kuma ina roƙon Allah ya ba ni ikon yin haka. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, har yau ban kai wurin ba.