Kujera Ashirin da Uku da Ashirin da Huɗu

Ko da tsufa zai kwashe mini haƙora da hankali gaba ɗaya, ranar da wayata ta zaunar da ni kafaɗa da kafaɗa da surukata ba za ta fita daga kaina ba.

A lokacin maiɗakina tana kwance a asibiti a Yamai, wajen yayanta, za a yi mata aiki a ciki. Aka bugo mini cewa an sa jibi da safe, kuma ba abin da take faɗi sai, "A kawo mini Inna." Na hau babur na ɗauko tsohuwa daga Cadakori zuwa Gidan Rumji. To, lokacin komawa lakol ne, 'yan makaranta na ta tafiya, duk tashar da na leƙa sai a ce mota ta cika har ta kwana uku.

Nan na tuna da manhajar yankan tike da ke cikin wayata. Ina zaune gindin iccen bedi na latsa, sai ga kujeru biyu da suka rage a motar asuba. Na cafke su kamar shaho ya ga ɗan tsako. Ranar har almuru ina yi wa mutane wa'azin zamani: ba layi, ba turereniya, ba roƙon ɗan kamasho.

Abin da ban duba ba shi ne lamba. Ashirin da uku da ashirin da huɗu, manne da juna.

Ku fahimce ni. Shekara goma sha takwas ina auren 'yarta, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa kai loma baki a gabanta ba. Da a tasha na yanka, ɗan kamasho da ya san mu zai ajiye ta gaba, ya jefa ni can ƙurya, ba sai an gaya masa ba. Waya kuwa ina ta san kunya?

Da asuba muka shiga mota, Inna ta kalli kujerun, ta juya ta ce wa direba, "Ɗan nan, gaya masa ni na fasa."

Na bi motar kujera kujera ina roƙon musanya. Matan ciki kowace da mijinta ko ɗanta a gefe, sauran kuwa maza ne 'yan kasuwa, kuma zama da baƙon namiji ya fi mata nauyi. Direba na ta danna oda. Na durƙusa a bakin ƙofa, ina kallon ƙasa, na ce, "Inna, ke take kira."

Sai ta hau, ta zauna wajen taga, ta dasa ƙullin kayanta a tsakaninmu kamar katanga.

Ni da nake cika kujera biyu, ranar na nannaɗe kaina na koma kamar tabarma. Muka wuce Madawa, muka wuce Ƙonni, masu tsire da ƙwai suna miƙo hannu ta taga, ni ko ruwa ban kurɓa ba. Wajen Dogon Dutse cikina ya yi wata ƙara da na rantse direba sai da ya duba taya.

Sai na ga Inna ta kwance ƙulli, ta turo kwanon dambu da ƙuli-ƙuli wajena da gefen hannu. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya, ta ce wa gilashi, "Ke taga, ni barci zan yi, mai nisa. In akwai mai jin yunwa, ya ci. Mai jinya ba ya jinya da cikin wofi."

Na ci dambun nan hawaye na zuba a ciki. Na san idonta biyu, don ina jin ƙarar tasbaharta a ƙarƙashin mayafi.

Mun iso kafin magariba. Maiɗakina ta riƙe hannun uwarta, ta dube ni ta ce, "Tare kuka zo? A mota ɗaya?" Inna ta ce wa bango, "Kujera ɗaya ma, kusan." Dariyar da maiɗakina ta yi ita ce ta farko a sati biyu. Washegari aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a.

Har gobe da waya nake yankan tike, don ba don ita ba da Inna ba ta ga 'yarta a kan lokaci ba. Amma na koyi cewa waya gurbi kawai ta sani, ba ta san wanda ya dace ya zauna kusa da wa ba. Wannan aikin mutum ne. Yanzu kafin in latsa, sai na duba lamba sau bakwai, in bar aƙalla layi biyar tsakanina da Inna. Dambun dai har yau yana iso ni, hannu zuwa hannu, daga gaban mota.